Yadda Za Ku Riƙa Saka Rubutu da Hoto a Shafin Ƙungiyarku Ba Sai Kun Nemo Injiniya Ba



Yau maganar shafin intanet za mu yi. Wasu ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da na matasa, har da fadojin sarakunan Hausawa, sun riga sun kashe kuɗi an buɗe musu shafi. To amma ka shiga ka gani. Labarin ƙarshe da aka saka na ranar buɗe shafin ne, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. In ka tambayi sakatare sai ya ce wai yaron da ya haɗa musu ya bar gari, shi kuma bai san ta inda ake shiga ba. Alhali abin bai kai yadda ake jin tsoronsa ba. Duk wanda ya iya riƙe littafin lissafin kara, ya san shanu nawa suka shigo, nawa suka fita, la'adar wa ta rage, to zai iya wannan aikin cikin kwana biyu, da wayar da ke aljihunsa.

Ga WhatsApp ga Facebook, me kuma za a yi da shafi?

Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce waɗannan duk gidajen haya ne, ranar da mai gida ya rufe ƙofa ba ka da ta cewa. A ranar 5 ga Yuni 2021 aka toshe Twitter a Najeriya bisa umarnin gwamnatin tarayya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022, wata bakwai kenan. A ranar 4 ga Oktoba 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya, kusan awa shida.

Ko ba wannan ba, saƙon WhatsApp nitsewa yake yi. Sanarwar da shugaba ya tura da safe, kafin la'asar gaisuwa da bidiyoyi sun binne ta. In kuma aka yi ta turawa daga guruf zuwa guruf, wani ya ƙara gishiri, wani ya yanke rabi, ba mai iya cewa ga asalinta.

Ku tuna rikicin kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairu 2021, da yadda haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen watan, har aka janye a farkon Maris bayan zaman da aka yi a nan Abuja. A irin wannan lokaci, direban da ya yi lodi yana tsaye a Zuba ko Gwagwalada abu ɗaya yake so ya sani: in wuce Lokoja ko in tsaya? Mai gidan da ke jiran kaya a Legas shi ma haka. Inda ƙungiya take da shafinta mai rai, sanarwa za ta zauna wuri guda, da kwanan wata, da sunan wanda ya sa hannu. Sai a ɗauki adireshinta a tura WhatsApp ɗin, duk mai shakka ya danna ya gani da idonsa.

Wace ce wannan manhaja da ke bayan shafin?

A da, sai wanda ya iya rubuta yaren kwamfuta ne ke iya canza ko da kalma ɗaya a shafi. Yanzu akwai manhajojin sarrafa shafi, waɗanda aikinsu shi ne su karɓi rubutunka da hotonka su jera su da kansu. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce WordPress. Matt Mullenweg ɗan Amurka da Mike Little ɗan Ingila ne suka fara ta a 2003, kyauta ce, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita suke aiki. Akwai wasu kamar Blogger ta kamfanin Google, da Joomla, da Drupal. Zan yi bayani a kan WordPress tunda ita za ku fi tararwa, amma tsarin kusan ɗaya ne.

Ka ɗauki abin kamar rumfa a kasuwa. Sunan shafi, wanda ake rubutawa a sama a shigo, shi ne lambar rumfa. In ya ƙare da .ng to yana ƙarƙashin NiRA, hukumar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, kuma duk shekara ake sabunta shi. Kamfanin da ke ajiye muku shafin a kwamfutocinsa shi ne mai filin da kuke biya haya. WordPress ita ce ginin rumfar da kantocinta. Ado da launi da yadda abubuwa suke jeruwa kuma, wannan riga ce kawai da aka sa wa shafin, ana iya canza ta.

Rubutun da ka saka yana zuwa rumbun bayanai ne, hotuna kuma suna zuwa wata ma'ajiya daban. Sai mai karatu ya buɗe shafin sannan manhajar ta ɗauko wannan ta ɗauko wancan ta haɗa masa. Shi ya sa in an canza rigar shafi rubutu ba ya ɓacewa. Shi ya sa kuma in wani ya goge hoto daga ma'ajiya, duk labarin da ke ɗauke da hoton sai ya koma da rami a tsakiya.

Wa zai riƙe makulli?

Ƙofar shiga ita ce sunan shafinku, ka ƙara /wp-admin a ƙarshensa. Za ta tambaye ka suna da kalmar sirri. A nan ne ƙungiyoyi suke fara samun matsala, don sai ka ga mutum shida suna shiga da makulli ɗaya. Ranar da aka saka abin da ya jawo rigima, kowa ya ce ba shi ba ne.

WordPress ta raba matsayi kashi biyar, kuma da Turanci za ka gan su. Administrator shi ne mai gida, komai yana hannunsa, har korar wasu. Editor yana iya gyarawa da wallafa rubutun kowa. Author yana wallafa nasa kaɗai, yana kuma ɗora hoto. Contributor yana rubutawa ya ajiye, amma ba ya iya wallafawa, ba ya iya ɗora hoto, sai wani babba ya duba. Subscriber kuwa mai karatu ne kawai.

Shawarata, matsayin mai gida ya tsaya a hannun mutum biyu amintattu, kuma imel ɗin da aka yi rajistar sunan shafi da shi ya zama na ƙungiya, kar ya zama na yaron da aka ba kwangila. Sakatare ya zama mai gyara. Matasan da ke aiko da rahoto daga kasuwanni a ba su matsayi na huɗu. Ba a ba sabon yaro igiyar bijimi ranar da ya fara zuwa kara, a hankali ake sakar masa.

Labari ne ko shafi tsayayye?

Da ka shiga za ka ga jerin sunaye a gefen hagu. A waya sai ka taɓa layuka ukun nan na sama kafin su fito. Biyu ne suka fi shafar ka. Posts shi ne wurin labarai, abin da ke da rana: sanarwar taro, farashin mako, ta'aziyya, cigiya. Sabo yana hawa kan tsoho. Pages kuma na abin da ba ya canzawa kullum ne: tarihin zango, sunayen shugabanni, dokokin ƙungiya, inda ofis yake. Kar ka saka farashin raguna a nan, don ba ya shiga jerin sababbin labarai, mutane ba za su san an saka ba.

Labarai kuma a raba su rukuni-rukuni tun farko. Huɗu ko biyar sun isa, misali Sanarwa, Farashi, Hanya da Tsaro, Ta'aziyya, Cigiya. Bayan shekara guda za ku gode wa kanku.

Saka rubutu: ginin bulo da bulo

Tun Disamba 2018 da aka fito da WordPress 5.0, wurin rubutun ya koma tsarin bulo. Kowane sakin layi bulo ne, kowane hoto bulo ne, ƙaramin kanu bulo ne. Kai dai jera su kake yi kamar magini.

Ka danna wurin ƙara sabon labari. Layin farko na kanun labari ne. A ƙasansa ka fara rubutu, duk lokacin da ka sauka sabon layi, sabon bulo ya buɗe da kansa. In kana son wani abu daban, hoto ko ƙaramin kanu ko jeri ko tebur, ka taɓa alamar + ka zaɓa. In ka taɓa bulo, wasu alamomi za su fito a kansa: kibiya sama da ƙasa na matsar da shi ne, ɗigo uku kuma nan ake gogewa ko kwafa. In kana son wata kalma ta kai mutum wani shafi, ka zaɓe ta, ka taɓa alamar sarƙa, ka manna adireshin.

Game da rubutun kansa, ka tuna wanda zai karanta yana tsaye ne a bakin tirela ko cikin rumfa, da ƙaramar waya. Don haka kanu ya faɗi abin kai tsaye. "Farashin raguna a karar Dei-Dei, makon farko na Zulhajji" ya fi "Muhimmiyar sanarwa ga al'umma" amfani nesa ba kusa ba. Layin farko ya amsa me ya faru, a ina, yaushe. Gaisuwar manya da godiya su zo daga baya. Sakin layi kar ya wuce layi huɗu ko biyar a fuskar waya.

In rahoton farashi ne, ka yi amfani da bulon tebur: irin dabba, girmanta, mafi ƙarancin kuɗi, mafi yawa. A bambanta Bunaji da Rahaji da Bokoloji, a raguna kuma Balami da Uda da 'Yankasa, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka rubuta ranar da aka ɗauko farashin da kasuwar da aka ɗauko shi, tunda abin da aka sayar a Potiskum ranar Laraba ba lallai ya zama shi ne na Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ba. Farashin da ba shi da kwanan wata rigima yake haddasawa tsakanin mai kaya da dillali.

Sai a kula da kwafowa daga WhatsApp. In ka kwafi saƙonni da yawa a lokaci guda, suna zuwa da lokaci da sunan mai turawa, wani lokaci har da lambar wayarsa. Ka share duk wannan tarkacen kafin ka ci gaba. Kuma kana rubutu kana danna Save draft, wato ajiye ba tare da an wallafa ba. Manhajar tana ajiyewa da kanta lokaci-lokaci, amma da irin netwok ɗinmu gara ka yi da hannunka.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. "An kai shi kara" daban, "an kai shi ƙara" daban: na farko kasuwa ya je, na biyu gaban hukuma. "An tsinci baƙin sa" cigiya ce, "an tsinci bakin sa" kuwa sai a tambaye ka ina sauran jikin. WordPress tana karɓar ɓ da ɗ da ƙ lafiya lau. Abin da kake buƙata shi ne allon rubutu na Hausa a wayarka. In kana amfani da Gboard, ka shiga saitinsa, wurin harsuna, ka ƙara Hausa. Za ka sami haruffan ko dai a fili, ko in ka danne harafin ka riƙe.

Wuri biyu ne ake samun tangarɗa. Na farko, wasu salon haruffa na ado ba su da namu, sai ka ga ƙ ta fito wani iri ko ta koma ɗan akwati. In haka ta faru, a gaya wa mai kula da shafin ya canza zuwa salon da ke ɗauke da su, kamar Noto na Google. Na biyu, adireshin labarin. Manhajar daga kanu take ƙirƙiro shi, kuma haruffa masu lanƙwasa sukan rikiɗe su koma dogayen lambobi da alamar % idan aka kwafa aka tura. Don haka a adireshi kaɗai, ka gyara shi ya zama gajere da haruffa marasa lanƙwasa, kamar farashin-raguna-dei-dei. A yi wannan kafin a wallafa, don in an canza bayan an riga an raba wa jama'a, tsohon adireshin yana iya daina aiki.

Saka hoto

Ka taɓa alamar +, ka zaɓi Image. Za a ba ka hanya uku. Upload na ɗora sabon hoto daga wayarka ne. Media Library na ɗauko wanda aka taɓa ɗorawa ne, kuma ka riƙa duba nan tukuna, kar a ɗora hoton shugaba sau ashirin. Ta uku ita ce jawo hoto daga adireshin wani shafi. Wannan ka bar ta, don aron tukunya ne: ranar da mai shi ya cire, naka ma ya tafi.

Babban abin da ke kashe shafukanmu shi ne nauyin hoto. Wayoyin yanzu suna ɗaukar hoto mai megabait 3 ko 4 ko fiye. Ka yi lissafi: hoto goma masu megabait 4 sun zama 40. In ka rage kowanne ya koma kilobait 200, duka goman megabait 2 ne kacal, ninki ashirin kenan aka sauƙaƙa. Tun 2019 WordPress tana rage duk hoton da ya wuce ɗigo 2560 a faɗi ko tsawo, tana kuma yin ƙananan kwafi, amma kar ka dogara da wannan kaɗai, don asalin yana nan yana cin wurin da kuke biya, kuma datarka ta riga ta tafi wajen ɗorawa. Kafin ka ɗora, ka rage faɗinsa zuwa kamar ɗigo 1200. Squoosh da TinyPNG suna yin wannan kyauta daga cikin burauza. Hoton mutane da dabbobi ya zama JPEG ko WebP, wanda WordPress ta fara karɓa a 2021. Tambarin ƙungiya kuma PNG ya fi dacewa da shi.

Bayan hoto ya hau, akwai gurbi biyu da mutane ke tsallakewa. Na farko bayanin ƙasan hoto, wanda kowa ke gani: su wane ne, a ina, wace rana, wa ya ɗauka. Na biyu shi ne wanda aka rubuta wa Alt text. Wannan ba ya fitowa a fili, amma shi ne manhajar karanta allo take karanta wa makaho, shi ne ke bayyana in netwok ya kasa buɗe hoton, kuma da shi Google ke gane abin da ke ciki. Jimla ɗaya ta isa: "Fararen bijimai uku a ɗaure a turke a karar Dei-Dei."

Akwai kuma babban hoton labari, wanda ake zaɓa a saitin gefe inda aka rubuta Featured image. Shi ne ke fitowa a fuskar shafi, galibi kuma shi ne ke bayyana in an tura adireshin a WhatsApp ko Facebook. A zaɓi wanda aka ɗauka a kwance, don na tsaye yakan fito an yanke kawunan mutane. In hotuna sun yi yawa, kamar na naɗin sarauta, a yi amfani da bulon Gallery ya jera su wuri guda.

Ga masu tallan dabba, ka ɗauka daga gefe, da safe ko da yamma, rana tana bayanka, ƙafafu huɗu da tozo da ƙaho duk su fito. Kar a yi wa hoto kwalliyar da za ta ɓoye aibi, don mai saye zai zo ya ga dabbar ido da ido, sunan ƙungiya ne zai ɓaci. A rubuta sunan shafinku a jikin hoton, saboda 'yan damfara da ke kwashe hotunan raguna gab da Babbar Salla su yi talla da su, su karɓi kuɗin kafin alƙalami su ɓace.

Abu ɗaya kuma: in takardar sanarwa ce mai hatimi, kar ka ɗauki hotonta kawai ka saka. Ka buga abin da ke ciki da hannu, sannan hoton ya biyo a ƙasa a matsayin shaida. Rubutun cikin hoto yana da wuyar karantawa a ƙaramar waya, mai nema kuma ba zai same shi da sauƙi ba.

Hoton da bai kamata ya hau ba

Nan ne wurin da ya fi komai hatsari, don haka a karanta da kyau.

Na ɗaya, hoton da ba ka san asalinsa ba. Duk lokacin da aka samu tashin hankali, tsofaffin hotuna na wasu garuruwa, har na wasu ƙasashe, sukan dawo ana cewa yau ne abin ya faru. Mu da ke da 'yan uwa a tsakiyar wasu ƙabilu mun san abin da hoto ɗaya na ƙarya zai iya jawowa, a can da kuma gida Arewa in aka tashi ramuwar gayya. Kafin ka saka, ka sa hoton a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a baya. Ka duba ko masu tantance labarai irin su Dubawa, da ke nan Abuja tun 2018, sun yi magana a kansa. Ka kira mutumin da ke wurin. In ba ka gamsu ba, ka bar shi. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta yaɗa abin da mutum ya san ƙarya ne don tada zaune tsaye ko jefa rayuka cikin haɗari. Hoton gawa kuwa, ko da gaskiya ne, a sakaya shi. Mamacin yana da iyali.

Na biyu, hoton da ke tona inda dukiya take. Waya tana iya manna wa hoto bayanin daidai wurin da aka ɗauke shi, a ɓoye cikin fayil ɗin, kuma wannan bayani yana iya hawa shafi tare da hoton. Ka shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri. Ka kuma duba abin da ke bayan hoton: lambar mota, ƙofar gida, allon unguwa. Kada a taɓa rubuta cewa tirela kaza ta tashi yau za ta bi hanya kaza. In dole sai an ba da labarin, a bari sai kaya sun sauka.

Na uku, sirrin mutane. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023 ta shafi ƙungiyoyi ma, kuma hukumar da ke kula da ita tana Abuja. Jerin sunayen mambobi da lambobin wayarsu, katin ɗan ƙasa, takardar asibiti, waɗannan ba kayan shafi ba ne. Hoton yaro sai da yardar iyayensa. In cigiyar yaro aka saka, ranar da aka gan shi a cire.

Na huɗu, hoton wani. Kasancewar hoto a Google ba ya nufin ba shi da mai shi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta ba mai hoto damar neman a sauke kayansa daga intanet. Mafi sauƙi ka ɗauki naka. In babu, Wikimedia Commons na da hotuna da aka yarda a yi amfani da su, da sharaɗin a bi ƙa'idar da aka rubuta a ƙasan kowanne, wadda galibi ita ce a ambaci mai shi.

Kafin ka danna Publish, da bayan ka danna

Ka fara danna Preview ka ga yadda zai fito, ka duba shi a waya tunda da ita jama'a za su karanta. Ka sake karanta sunaye da lambobi da ranaku. A ba mutum na biyu ya duba, musamman ta'aziyya da duk abin da ya shafi tsaro. In sanarwar ta gobe ce, akwai wurin sa rana da lokaci, za ta fita da kanta ko kana barci.

In an wallafa sai aka ga gyara, a buɗe labarin a gyara a sake ajiyewa. In gyaran babba ne, kamar an canza ranar taro, a rubuta a sama cewa an sabunta, da ranar da aka yi. Manhajar tana ajiye tsofaffin kwafin rubutu a inda aka rubuta Revisions, ana iya komawa baya in wani ya yi ɓarna, kuma ana ganin wanda ya taɓa.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Cire hoto daga cikin labari ba ya goge shi daga intanet. Yana nan a ma'ajiya, duk mai adireshinsa zai iya buɗewa. In hoton na cutarwa ne, sai an shiga Media an goge shi gaba ɗaya. In kuma hoto ne mai amfani, a tabbata ba wani labari da ke aiki da shi kafin a goge, don in ya tafi ya tafi kenan. Haka nan a tambayi kamfanin da ke ajiye shafin ko yana yin kwafin ajiya, kuma duk kwana nawa. Fitar da kwafi daga cikin WordPress kanta rubutu take ba ka, ba ta haɗo da ainihin hotunan.

To 'yan uwa, abin da ya rage shi ne a fara. A wannan makon, sakataren kowace ƙungiya ya binciko abu uku: da sunan wa aka yi rajistar shafin, yaushe kuɗinsa zai ƙare, kuma su wa ke riƙe da makullin mai gida. Sannan a zaɓi matasa biyu, a buɗe wa kowa ƙofarsa, a sa rana ɗaya a mako da za a riƙa saka labari ɗaya da hoto ɗaya, ko da farashin kasuwa ne kawai. Shafin da jama'a suka saba ganin gaskiya a kai lokacin zaman lafiya, shi za su buɗe ranar da jita-jita ta tashi.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai matafiyanmu gida lafiya.